Shukar da Babana Bai Yi Ba

A shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa ina aikin sukar buhu a wani kanti a Madawa. Idan kakar gujiya ta kama, gujiyar nan da mutanen gabas ke ce wa gyaɗa, manoma kan ɓare ta su ɗura a buhu su kawo bisa jakai da raƙuma, kuma ba buhun da ke hawa ma'auni sai ya bi ta hannuna. Ina da wani ƙarfe mai rami kamar kara, bakinsa a fiƙe. In caka shi a jikin buhu, in zaro, ƙwayoyi su zubo a tafina, in duba, in sunsuna, in tauna guda. Iyakar aikin ke nan, amma kada ka raina shi. Mai ha'inci ba ya zuba yashi a bakin buhu, tsakiya yake kai shi ko gindi, gujiya mai danshi ma can take laɓewa. Don haka nakan soki sama, in soki tsakiya, in soki ƙasa, in mirgina buhun in soki ɗaya gefen. Ga ƙuruciya, ga zafin kai, ga baki. Har Buza da Kaita an san ba a wuce ni da ruɓaɓɓen kaya, ni kuwa ina jin daɗin sunan nan fiye da kima.

Sai dai akwai wata al'ada tsakanin masu ƙarfe wadda na tarar. Idan dattijo ne da gari ya shaida, sau ɗaya ake sukar buhunsa, can a kafaɗa, don dai a ce an soka. Muna ce mata sukar mutunci. In ka kuskura ka ƙara ta biyu a gaban jama'a, to ka kira shi ɓarawo ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Na ga gidajen da suka daina gaisawa a kan wannan.

Babana manomi ne a wani ƙauye kusa da Azarori. Shekarar da na fara aiki ya kawo buhunansa kantinmu, ya tsaya cikin layi kamar kowa, bai ko dubi inda nake ba. Da aka zo kansa na yi masa suka ɗaya na ce a wuce. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Daga baya Inna ta gaya mini sai da ya ba kowa labarin a ƙofar masallaci, wai yaron nasa ya san manya. Tun daga ranar ya daina kirana da komai sai mai ƙarhe, yadda muke faɗin ƙarfe a wajenmu.

Ba mutum ne mai son duniya ba, amma yana da abu ɗaya da ba a taɓa masa: saran shuka. Ranar da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, shi ne farkon fita da sungumi, yana tafe yana sara ramuka, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Layinsa kamar an ja igiya. Maƙwabta kan tsaya a bakin gona su duba. Tun da ya iya riƙe sungumi bai taɓa barin wani ya yi masa saran gonarsa ba, ko shekarar da aka kwashe maza aikin hanya sai da ya san yadda ya yi ya dawo ranar ruwa. Yakan ce shi dai in ya sara ya rufe, sauran na Allah ne.

Ciwon ya shigo masa a hankali, kuma kunya ta sa ya ɓoye. Mu dai mun ga ya yawaita zagayawa bayan gida da buta, yana daɗewa. Sai ya daina shiga sahu, ya koma salla shi kaɗai a zaure, wai ƙafarsa ce. Inna ce ta gane, don ita ke wanke masa wando: fitsari ne ke ɗiga masa bayan ya gama, alwala ba ta zama. Wanzami ya yi ƙaho, an sha saiwoyi, an sha rubutu. Rannan bayan kaka abin ya toshe gaba ɗaya. Wana, babban ɗansa da ke gida tare da shi, ya aiko mini Madawa. Na tarar da Baba a durƙushe, mara ta kumbura, gumi na zuba, yana cije bakin rigarsa don kada mata su ji nishinsa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na roƙi direban motar kantinmu ya ɗauke mu zuwa Tawa, inda aka ce akwai likita Bature mai aikin wuƙa. Can aka zura masa siririyar roba, fitsarin ya fita, ya sami barci. Washegari likitan ya ce zai duba shi da yatsa ta baya. Baba ya dube ni, na fita na bar su da majo, wato babban ma'aikacin jinya, wanda shi ke fassara.

Da aka kira ni, likitan ya yi mana bayani ta bakin majo. Ya ce Allah ya yi wa kowane namiji wata ƴar tsoka a wuyan mafitsara, girmanta kamar goro, su suna ce mata furostat. Idan tsufa ya zo takan kumbura ta matse hanya, wannan ba abin tsoro ba ne sosai. Amma wani lokaci ciwon daji ke kama ta. Shi kuwa yatsansa ya ji wani wuri mai tauri a gefen hagu wanda bai kwanta masa ba. Ba zai iya rantsuwa da yatsa ba, sai ya ɗebo ɗan abu daga ciki da allura, ya sa a kwalba ya aika Dakar, inda masu madubin ƙara girma za su duba.

Aka yi. Abin da allurar ta fito da shi bai kai ƙwayar gero ba. Baba ya leƙa kwalbar ya daɗe, sannan ya tambayi majo ko in sun gama dubawa za su rufe shi cikin ƙasa, don jikin Musulmi ne. Majo ya ce zai faɗa musu. Ban sani ba ko ya faɗa.

Muka koma gida, aka ce mu dawo in zafi ya kama sosai, lokacin amsa ta iso. Watannin nan, kai, sai ka ce an sake mana shi. Hanya ta ɗan buɗe, ya koma sahu ko da a ƙarshen layi ne. Ya sauya wa sunguminsa ƙota. Ya shiga rumbu da kansa ya zaɓi zangarniyar iri ya rataye a ɗakinsa. Bayansa yana masa ciwo, amma ya ce wane tsoho ne bayansa ba ya ciwo.

Da bazara ta nuna muka koma Tawa. Gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, kowa ya san ruwa ya kusa. A hanya Baba bai yi zancen komai ba sai gona, wai bana gefen kwari zai fara sarawa. Ko tabarma bai yarda mu ɗauko ba, ya ce ba kwana za mu yi ba.

Likitan ya ce amsa ta zo, abin da ke cikin kwalba lafiyayye ne, ba a ga daji ba.

Baba ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska, ya miƙe ya ɗauki sandarsa da ke jingine da bango.

Sai likitan ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya ce ba ya son ya sallame mu da abin da shi kansa bai gamsu da shi ba. Abin da aka duba ɗan mitsitsi ne daga wuri ɗaya, tsokar kuwa tana da dama da hagu, tana da sama da ƙasa. Allura tana iya wucewa ta gefen ciwo da faɗin tsinke ta ɗebo lafiyayyen nama, a ce babu, alhali yana nan. Kuma yau ma ya sake taɓawa, taurin nan ya ƙaru. Yana so ya sake ɗiba daga wurare da dama, gefe da gefe. Bai ɓoye mana ba cewa yawan suka na iya jawo zazzaɓi, sai Baba ya kwanta a wajensu har su ga ya tashi. In kuwa ba mu so, ba dole, ga ƙofa.

Baba yana tsaye da sanda a hannu. Bai dubi likita ba, bai dubi majo ba, ni ya duba.

Ya ce, "Kai, mai ƙarhe. Wanga aikinka na. Suka guda ta isa?"

Ni ba wawa ba ne. Na san abin da yake tambaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kai kaya kasuwa ya fi ni sanin cewa suka ɗaya ba ta gaya wa kowa abin da ke gindin buhu. So yake ɗansa ya yi masa abin da ya yi masa a kanti, ya ce a wuce, a gaban baƙi, ya tafi ya tari ruwansa. Majo ma ya gane, don na ga ya sunkuyar da kai yana gyara abin da bai lalace ba.

Na ce, "Ba ta isa ba, Baba."

Haka kawai, ko ɗan jinkiri ban yi ba. Ina tsoron kada ya mutu, wannan gaskiya ne, kuma a raina in an gano ciwo to an gano magani. Amma akwai kuma bakin nan nawa da ba ya iya ganin buhu ya wuce. An tambaye ni a kan sana'ata a gaban Bature, na ba da amsar gwani.

Ya ce, "To."

Ya mayar da sandar ya jingine ta inda take, ya zauna.

Aka yi masa suka a wurare da dama, aka cika ƴan kwalabe. Ban ji ya yi ko tari ba daga inda nake tsaye a waje. Bayan kwana kaɗan zazzaɓin da aka faɗa ya zo, kuma bai zo da wasa ba. Jiki ya yi zafi kamar garwashi, yana rawar ɗari, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Magani a lokacin ba kamar yanzu ba ne. Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, safe da yamma yana kansa, zazzaɓin ya sauka ya sake hawa, ya sauka ya sake hawa.

Ranar da ruwan farko ya sauka muna kan barandar ɗakin marasa lafiya, da hantsi, na fito da shi ya sha iska bisa tabarmar aro. Iska ta juya, gari ya yi duhu, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙanshin ƙasa ya taso. Duk wanda ke iya tashi a barandar nan ya tashi, masu jinya ƴan ƙauye suna ta ɗaure kaya, kowa na neman hanyar gida. Baba ya ce in tayar da shi zaune. Ya miƙa hannu ruwan indararo ya zuba a tafinsa. Ya tambaye ni ko ina jin ya kai wajenmu, na ce hadarin daga can ya taso.

Ya ce, "Wan naka za shi sara ke nan." Can ya ƙara da cewa, "Shi kuwa layinshi kamar tahiyar maciji."

Na yi dariya don ya ga na yi, na zagaya bayan ginin na tsaya cikin ruwa na yi kuka kamar yaro.

Ciwon ya riƙe mu har amsa ta biyu ta same mu a can. Wasu kwalaben lafiya lau, kamar ta farko. Na gefen hagu kuwa daji ne. Likitan ya ce ciwon bayan nan ma shi ne, ya riga ya kai ga ƙashi, ya wuce abin da wuƙa ke cirewa. Nan fa raina ya ɓaci. Na manta da majo, na tasar wa Bature da guntun Faransancin kanti, na ce to don me? Don me aka huda tsoho kamar rariya in babu magani? Bai yi fushi ba. Ya ce da ya san amsar da bai nema ba. Da kwalaben duka sun fito lafiya, da ya aika mu Yamai a buɗe masa hanya ya ƙara shekaru, kuma ba zai yi wa mutum wannan babban aiki a makance ba. Ya ce akwai wani aiki da kan sassauta irin wannan ciwo na ɗan lokaci. Da majo ya raɗa wa Baba cewa aikin cire maraina ne, Baba ya ce a bar shi ya koma ga Ubangijinsa yadda aka haife shi. Har yau ban ga laifin likitan nan ba. Gaskiya ya nema, ya kuma same ta.

Da muka iso gida hatsi ya kai ƙugu, an gama noman farko. Daga inda mota ta aje mu bisa jaki muka ɗora shi, ina riƙe da shi ta gefe. Ya ce a bi da shi ta gona. Ya daɗe yana duban layukan wana, sun karkace nan sun haɗe can, gefen kwarin ma ba a sara shi da wuri ba. Wana na tsaye yana sosa ƙeya. Baba ya ce, "Madalla, ya yi kyau," muka wuce.

Bai sake riƙe kayan noma ba. Ni kuwa tun daga lokacin nake ta juya abin a raina. Da na ce ta isa, ciwon yana nan, ba inda za shi, kuma shi zai kashe shi ko ta yaya. Amma da ya hau mota ranar nan da ƙafarsa, ba zazzaɓi, ba labarin daji, da ya tari ruwansa ya yi saransa, ya mutu yana zaton ciwon baya ne na tsufa. Ban yi ƙarya ba, ban yi kuskure ba, kowa na tambaya haka yake ce mini, malamai ma sun ce mini haka. Ni dai na san na karɓe wa ubana shukarsa ta ƙarshe na ba shi sunan ciwonsa a madadinta, kuma abin yana cina.

Da tsufa ya zo mini ni ma sai da na kwanta wa irin allurar nan a Yamai, ciwon gado ne ashe. Yanzu da na'ura suke gani, su raba tsokar kashi-kashi su ɗiba daga kowane kashi, su ba ka magani tun kafin zazzaɓi ya zo. Likitan yaro ne sa'an jikana, ya zauna yana mini bayani cewa in an ɗiba kaɗan ana iya kuskure ciwon, in an wuce kima kuma a wahalar da mutum a banza. Na ce masa ya yi aikinsa, na riga shi sanin wannan karatu. Nawa an kama shi da wuri, ga ni ina rubutu. Da aka gaya mini zan tashi, ƴaƴana suna ta murna, ni kuwa barandar Tawa nake gani.

Kakar shekarar da muka dawo daga Tawa Baba yana nan da rai, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kullum yana kwance a inuwar zaure. An ɓare gujiyar da wana ya noma, an ɗura, an jera buhuna a ƙofar gida za a ɗora wa jakai zuwa Madawa. Na zo daga gari da ƙarfena a rataye. Maƙwabta na zaune wajensa ana hira, Inna na daga ciki bakin ƙofa tana tsince wake. Sai ya ce a jawo masa buhu ɗaya kusa.

Ya ce, "Mai ƙarhe, zo ka diba muna kayanga kahin su tahi."

Na durƙusa na soki kafaɗar buhun, na zaro, na zuba ƙwayoyin a tafinsa. Na mayar da ƙarfen na rataye.

Ya dubi gujiyar, ya dube ni, idonsa na ƙyalli irin na lokacin da zai tsokani mutum.

Ya ce, "Au, yau nike da mutunci?"

Mutanen zaure suka kwashe da dariya, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Wasa yake yi, na sani, bai taɓa riƙe ni a zuci ba, ranar ma ya sa mini albarka kafin in tafi. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta ɗauki faifanta ta shige ciki.

Ya rasu cikin zafi, kafin gajimare su fara haɗuwa. Da ruwa ya sauka na baro kanti na zo gida, na ce wa wana ya ba ni sungumin, mai ƙotar nan sabuwa da Baba ya sa bai samu ya yi sara da ita ba. Na fara daga gefen kwari. Da na kai ƙarshen gona na waiwaya, nawa layin ma bai miƙe ba.